Tarihin Katin Awon Jarirai

Da wuya a sami gida mai goyo a yau da ba a san katin awo ba, watau takardar nan da ake ba uwa a asibiti, ana ɗiga mata nauyin jaririnta duk wata. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan kati da ya zagaye duniya, a Nijeriya aka ƙago shi. Abin da wannan 'yar muƙala za ta duba ke nan.

A da can, iyayenmu da ido da hannu suke auna goyo. Kaka takan ɗaga jariri ta ce ya yi nauyi, ko ta shafa maɗigarsa, ko ta lura da lokacin da ya fara zama da rarrafe da tatata. Wannan hikima ce, to amma tana da iyaka. Yaro yakan yi wata biyu ko uku girmansa ya tsaya cik, alhali kuwa yana wasa yana dariya. Kafin ido ya gane rama, sau da yawa tamowa ta riga ta yi nisa, a nan kuma sai a ɗora laifin a kan haƙori.

A shekarar 1956 wani likitan yara ɗan Ingila, Dakta David Morley, ya zo aiki asibitin Wesley Guild da ke Ilesha, cikin Jihar Osun ta yanzu. Shi da wata ma'aikaciyar jinya, Margaret Woodland, suka zaɓi ƙauyen Imesi-Ile, suka riƙa bin yara wajen 400 tun daga haihuwa, suna auna su a kai a kai. Sai suka tarar cewa abubuwan da ke kashe yara ba wasu baƙin cututtuka ba ne, illa zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da ciwon haƙarƙari da ƙarancin abinci. Sun kuma lura cewa tsayawar nauyi takan riga ramar da ido ke gani.

Daga nan ne Morley ya tsara katin da ya kira hanyar lafiya. An ja layuka biyu masu hawa sama, tsakaninsu hanya ke nan. A gindin katin ana rubuta watanni, tun daga watan da aka haifi yaro, don kada a yi ta gardamar shekaru. Duk zuwa awo sai a ɗiga nauyi, a haɗa ɗigon da na baya. In layin yaro yana hawa, madalla. In ya miƙe, akwai magana. In kuwa ya sunkuyo ƙasa, to a tashi tsaye. Babban abin da ya yi na saɓa wa al'adar asibiti shi ne, ya damƙa wa uwa katin ta tafi da shi gida, ko da ba ta iya karatu ba. A 1982 hukumar UNICEF ta sa awon yara cikin manyan hanyoyinta huɗu na ceton rayukansu, tare da shayar da nono da rigakafi da ruwan gishiri da sukari.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Ma'aunin da aka daɗe ana gwada yaran duniya da shi, daga Amurka aka samo shi, kuma yawancin jariran da aka auna madarar gwangwani suka sha. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike daga 1997 zuwa 2003 a kan yara fiye da 8,000 a Gana da Indiya da Oman da Barazil da Norwe da Amurka, ta fito da sabon ma'auni a 2006, wanda aka gina kan jarirai masu shan nonon uwa. Binciken ya nuna cewa in an sami abinci da tsabta da kulawa, girman ɗan Accra da na ɗan Oslo kusan ɗaya ne. Ashe tsumburewa ba gadonmu ba ce.

Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 3 yakan ninka shi biyu a wajen wata 5, ya ninka shi uku in ya shekara. Abin da ke kai shi ga haka shi ne nono zalla, har da dakashi, na wata 6, sannan a ƙara masa kunu mai kauri da gyaɗa ko wake ko ƙwai, ba tare da an cire shi daga nono ba.

Daga ƙarshe, ya kamata mu tuna cewa sikeli ba ya ciyar da yaro. In an auna an ɗiga, ba a yi wa uwa bayani ba, an yi aikin banza. Mu da Allah ya ba karatu, in mun je hutu gida, mu karɓi katin ƙannenmu da na 'ya'yan yayyenmu, mu duba inda layin ya dosa.