Dalilan da ke sa wayar salula nauyi, da yadda ake magance su

A yankunan masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai a birnin Kano, wayar salula ta zama kayan aiki kamar sikeli ko littafin rasit.

Dillalin da ya zo sarin bokitan roba ko tabarmin leda sai ya nuna shaidar tura kuɗi kafin a yi masa lodi. Direban babbar mota da waya yake sanar da mai kaya inda ya kai, haka ma masu kai fatu kamfanonin jima na Challawa ta WhatsApp suke aika hotunan hajarsu.

Wannan dogaro ya ƙaru ne tun bayan ƙarancin takardun naira da aka fuskanta a farkon shekarar 2023, lokacin da jama'a da dama suka rungumi manhajojin bankuna da irin su OPay da Moniepoint.

Saboda haka idan waya ta cije a bakin ƙofar kamfani, ciniki ne yake tsayawa.

Galibin wayoyin da ke hannun ma'aikata masu saukin kuɗi ne, irin su itel da Tecno da Infinix, waɗanda duk kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ne ke ƙera su, kuma suna aiki ne da babbar manhajar Android ta kamfanin Google.

Ganin yadda sabuwar waya ta yi tsada, tambayar ita ce ko akwai abin da za a yi wa tsohuwa ta farfaɗo. Akwai, ko da yake yana da iyaka.

Ma'ajiya iri biyu

Kowace waya tana da wuraren ajiya guda biyu da ake yawan rikita su.

Na farko shi ne RAM, wato inda waya ke ɗora duk abin da take aiki a kansa a daidai lokacin. Na biyu kuma shi ne rumbun da hotuna da bidiyo da manhajoji ke zaune a cikinsa ko da an kashe wayar.

A ƙananan wayoyi da yawa RAM ba ya wuce gigabait 2 ko 3, kuma ba a iya ƙara shi. Abin da wasu kamfanoni ke tallatawa da sunan faɗaɗa RAM, aron wani yanki ne daga rumbu, wanda saurinsa bai kama ƙafar RAM na ainihi ba.

Rumbun kuwa yana hannun mai waya, kuma a nan ne mafi yawan matsalar take.

Irin ma'ajiyar da ake sa wa wayoyi ba ta iya rubuta sabon bayani a kan tsoho kai tsaye, sai ta fara share gurbin. Idan akwai sarari, wayar kan yi wannan shara a lokacin da take hutawa, tsarin da aka shigar cikin Android tun fitowa ta 4.3 a shekarar 2013.

To amma idan rumbu ya cika maƙil, dole ta riƙa kwashewa tana sharewa a daidai lokacin da ake buƙatar ta, kuma wannan jinkirin ne mai waya ke gani. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na rumbun babu komai.

Abin da ya fi cika rumbu a wannan yanki shi ne WhatsApp. Mutum ɗaya yana iya kasancewa a zauren ma'aikata da na unguwa da na dangi da na makaranta, kuma bidiyon da aka tura yana iya sauka da kansa, wani lokaci bidiyo guda sau huɗu.

A watan Nuwamban 2020 kamfanin ya fito da wani sashe a cikin saitinsa da ke tara duk fayilolin da suka haura megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa, domin a goge su a lokaci guda. Hana hotuna da bidiyo sauka da kansu ma a cikin saitin yake, kuma yana rage cin data, abin da ya ƙara muhimmanci tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Fina-finai da karatuttukan da ake turowa a shagunan masu dawunlodin kuwa, katin memori ne ya dace da su.

Manhajojin da ke cewa suna share waya

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta rufe dukkan manhajoji da zarar an gama amfani da su, da tunanin cewa ana sauƙaƙa wa waya.

An tsara Android ne ta riƙe manhajojin da aka fi amfani da su a cikin RAM a daskare, ta kuma rufe su da kanta idan wuri ya ƙure. Duk manhajar da aka rufe da ƙarfi sai ta taso daga farko, abin da ya fi cin lokaci da batir.

Wannan ne ya sa manhajojin da ke alƙawarin share waya da ƙara mata gudu ba su cika yin wani amfani ba. Suna rufe abin da zai sake buɗewa bayan ɗan lokaci, su kuma suna zaune suna cin RAM suna kawo talla.

A watan Fabrairun 2020 Google ya cire manhajoji kusan 600 daga kasuwarsa ta Play Store saboda tallace-tallacen da ke kutse wa mai waya, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile, mai manhajar Clean Master wadda ta yi tashe a wancan lokaci.

Abin da ya fi amfani shi ne cire manhajojin da ba a buɗewa. Waɗanda suka zo tare da wayar ba sa ciruwa, amma ana iya dakatar da yawancinsu daga cikin saiti.

Sai kuma sauya manya da ƙanana. Facebook Lite, wadda aka fito da ita a shekarar 2015 ba ta kai megabait 1 ba a lokacin, an yi ta ne domin ƙananan wayoyi da wuraren da sabis ba shi da ƙarfi. A ƙarshen 2017 kuma Google ya fito da Android Go, wani nau'i marar nauyi na babbar manhajar, domin wayoyin da RAM ɗinsu bai wuce gigabait 1 ba. Daga baya an ɗaga wannan ma'auni. Sai dai daga masana'anta ake ɗora shi, ba a sauke shi daga baya.

Manhajojin da ake turawa hannu da hannu ta Xender, musamman kwaikwayon WhatsApp irin su GB WhatsApp, hatsarinsu ya wuce na nauyi. Babu mai tantance abin da ke cikinsu, kuma kamfanin WhatsApp yana iya rufe lambar mai amfani da su.

Ba kullum ne laifin yake ga mai waya ba. A watan Agustan 2020 wani dandalin tsaron intanet, Secure-D, ya ba da rahoton gano muguwar manhajar Triada a dubban wayoyi ƙirar Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka. Transsion ya ce tsohuwar matsala ce da ta samo asali daga wani mai kawo masa kaya, kuma ya riga ya fitar da gyara.

Zafi da batir

Wani abu da ya shafi Kano musamman shi ne zafi. Kamfanin Apple ya ce an tsara wayoyinsa ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, balle kuma a kusa da injin narka roba ko a gaban mota.

Idan ƙwaƙwalwar waya ta ɗau zafi, babbar manhajar kan rage mata gudu da gangan domin kada ta lalace. Babu saitin da ke maganin wannan, illa a cire ta daga rana, a kuma daina amfani da ita tana kan caji.

Tsufan batir ma yana da nasa tasiri. A watan Disamban 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu wayoyin iPhone masu tsohon batir domin kada su riƙa mutuwa ba zato, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar euro miliyan 25 saboda rashin sanar da masu saye.

Sabuntawa, da batun filashin

Sabunta manhaja takobi ne mai kaifi biyu ga tsohuwar waya. Sabuntawar tsaro da kamfanin waya ke aikowa bai kamata a ƙi ta ba, musamman ga wanda asusun bankinsa ke cikin wayar. Amma manhajoji kullum ƙara girma suke yi, wayar kuwa tana nan yadda aka ƙera ta.

A 2018 hukumomin Italiya sun ci tarar Samsung euro miliyan 5, Apple kuma miliyan 10, bisa zargin cewa sabuntawar da suka tura ta nauyaya tsofaffin wayoyi. A watan Oktoban 2023 kuma WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai fitowa ta 5.0 ba.

Matakin ƙarshe shi ne mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta, ko kuma sake ɗora mata babbar manhajar, abin da masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut ke kira filashin.

Yana share komai, har da lambobi da saƙonni da rasit-rasit na ciniki, don haka sai an adana su a wani wuri tukuna. Haka kuma tun daga Android 5.1, wayar da aka goge ba ta cikin saitinta ba, ba za ta buɗe ba sai an shigar da adireshin Google da kalmar sirrin da ke kanta a da.

Mutane da yawa a shago aka buɗe musu wannan adireshi ranar da suka sayi wayar, ba su kuma rubuta kalmar sirrin ba. Ya kamata a tabbatar da ita, a kuma cire layi da katin memori, kafin a miƙa wayar ga mai gyara.