Rana ce fitilarsu: masu ɗaukar hoto kafin zuwan salula

Salla ta wuce, salulolinmu sun cika da hotuna. In muka duba da kyau, da yawansu sun lalace tun a wurin ɗauka: farar shadda tana ƙyalli, amma fuskar mai ita ta yi duhu, ido ya faɗa rami, hula ta yanka goshi biyu. Sai mu ɗora wa waya laifi. Alhali hoton kakanmu da ke jikin bango, wanda aka ɗauka da akwatin katako, har yau ana ganin zanen da ke kumatunsa ɗaya bayan ɗaya. Me ya kawo haka?

A 1839 aka bayyana fasahar hoto ga jama'a a birnin Paris, kuma shekaru da dama rana kaɗai ce fitilar wannan sana'a. Ta shigo Afirka ta Yamma ta biranen gaɓar teku, kafin ta hauro ƙasashenmu na tudu. Abin da ya shigar da ita cikin talakawa kuwa takardun gwamnati ne: katin shaida, shiga soja, jarrabawar lakwal. Duk mai buƙata dole ya zauna gaban mai hoto.

Manya daga cikinmu sun san shi. Yana kafa akwatinsa mai ƙafa uku kusa da kasuwa ko ƙofar ma'aikata, ya rataya ƙyalle a bango, ya aje benci. Akwatin nan kamara ne kuma ɗakin wanki ne. A ciki akwai takardar hoto da ƴan tasoshin ruwan magani biyu, a gefe kuma hannun riga ne na baƙin yadi, ta nan yake zura hannu ya yi aiki cikin duhu ba tare da yana gani ba. Babu maɓalli. Murfin gilashi yake cirewa, ya ce "kar ka motsa!", ya ƙirga a zuci, ya mayar. Abin da ke fara fitowa juyayye ne, fuska fara, riga baƙa. Sai ya liƙa shi a ɗan allo gaban gilashin, ya sake ɗaukar hoton hoton, sannan kamanninka su dawo daidai. Ya ɗauraye a bokiti, ka karɓa da ɗanshinsa. Tunda takardar ba ta saurin kama haske, mutumin nan dole ya san rana kamar yadda manomi ya san hadari. Da ido yake auna ta, ya san inda inuwa za ta kai in an yi azahar, ya ja bencinsa can.

Wanda ya kai wannan ilimi ƙololuwa maƙwabcinmu ne na Mali, Seydou Keïta. Ɗan kafinta ne a Bamako. A 1935 kawunsa ya kawo masa ƙaramar kamara ta Kodak daga Sanagal, a 1948 ya buɗe wurin aikinsa a unguwar Bamako-Coura. An ce sitidiyo, amma yawancin aikin a tsakar gida yake yin sa, da hasken rana. Zane yake ratayewa a bango, har da na shimfiɗar gadonsa a farkon lamari. Yana da agogo, alƙalami, rediyo da babur da yake ara wa mai son ya fito ɗan birni. Galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum, don kayan aiki da tsada. Ku nemi hotunansa ku duba: mace baƙa wuluk cikin atamfa mai zane, bayanta wani zanen, amma fuskarta ce ke fara kama ido, da sheƙinta, babu inda ya ƙone, babu inda ya nutse.

Sirrin ba wani asiri ba ne. Rana tsaka daga wuri ɗaya take saukowa, bisa kai, shi ya sa inuwarta ke da kaifi. A tsakar gida kuwa, in ka zaunar da mutum a inuwar bango, haske yana zuwa masa daga faɗin sama, ƙasa da bangon da ke fuskantarsa kuma suna maido masa da wani. Sai ya lulluɓe fuska ta ko'ina, kuma tazarar da ke tsakanin farar riga da baƙar fata ta ragu har kamara ta iya ɗaukar duka biyun. Mu nan ma Allah ya ba mu ƙari: hazon hunturu da muke ƙorafi a kansa yana tace rana, ya mai da gari duka kamar inuwa ɗaya. Inuwar bedi ce dai ke da ha'inci, don hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauki Keïta aiki, ba da jimawa ba ya rufe wurinsa, aka manta da shi. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba. Wannan ne ya sa aka bi sawu har Bamako, aka iske shi da dubban kilishe (ba kilishin ci ba, asalin hoton da ake wankowa daga gare shi) a adane. Kafin rasuwarsa a 2001 sunansa ya zagaya duniya. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya bi wata hanyar, ya shiga wuraren rawar matasa da falash, amma shi ma yakan bi su bakin kogin Kwara da rana. A Yamai muna da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun farko bayan ƴancin 1960, ya rasu a 2014. Mu faɗi gaskiya, mu nawa ne muka taɓa jin sunansa a lakwal? An koya mana sarakunan Faransa, ba a nuna mana fuskokin iyayenmu ba.

Daga shekarun 1980 injinan wankin hoto mai kala suka cika biranen yankin. Abin ya yi araha, ya yi sauri, masu baƙi da fari suka rasa kasuwa. Sai dai an yi asara biyu. Ta farko, tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana ba masu wanki katin gwaji mai hoton baturiya, da fatarta ake daidaita launi, don haka inji bai damu da tamu ba. Ta biyu, mai hoto ya daina wanke aikinsa da hannunsa, falash ya zama maganin kowace matsala. Shi ya sa hotunan bikin aure na wancan zamani goshi ke ƙyalli, baya ya yi duhu, kuma yau da yawansu sun koma ja-ja, yayin da na kakanni ke nan daram.

Salula ta iso ta iske mun riga mun manta. Tana da wayo, amma lissafi take yi: in farar shadda ta cika mata ido sai ta rage haske, fuska ta biya bashin. Maganin shi ne na mai akwati. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar. In dole sai da rana tsaka, a kai mutum bakin zaure, ya tsaya daga ciki kaɗan yana fuskantar waje. A taɓa fuskarsa a gilashin waya kafin a danna. A kashe falash.

Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa. Keïta ya tsira ne don ya adana kilishensa. Namu masu hoton na Maraɗi, Damagaram da Tawa, galibi ko suna ba su rubuta a bayan takarda ba, abin da ya rage na aikinsu yana cikin akwatunan iyayenmu mata, ƙarƙashin zannuwa, gara da ɗanshin damina suna ci. Wanda ke da irinsu ya fito da su, ya shimfiɗa a inuwar bango da safe, ya ɗauke su da waya ba tare da falash ba. Sannan ya kai wa tsohuwar gida ta faɗa masa sunan kowa da ke ciki, da garin da aka ɗauka, ya rubuta da fensir a bayan kowane ɗaya.