Commensal: Tarihin Sunan Abokin Cin Abinci a Turanci

Commensal kalma ce ta Turanci wadda asalin ma'anarta shi ne mutumin da ake zama cin abinci tare da shi. Tushenta Latin ne: com na nufin tare, mensa kuwa teburin cin abinci. Ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, amma ba ta taɓa zama kalmar bakin talaka ba. A takardun malamai da na fada ta fi zama.

A Faransa, kafin juyin juya halin 1789, da ita ake kiran ma'aikatan gidan sarki masu haƙƙin ci daga girkin fada. Muƙami ne mai maiƙo, domin har harajin da ake kira taille an ɗauke wa masu shi. A jami'o'in Oxford da Cambridge kuma, takardun Latin sun laƙaba ta ga ɗalibin da ke biyan kuɗin abincinsa a kwaleji.

Masanin dabbobi na Beljiyam, Pierre-Joseph van Beneden, malami a Jami'ar Louvain, shi ya kai ta fagen kimiyya. A littafinsa na 1875 ya raba halittun da ke rayuwa a jikin wasu, ya ware wadda ke cin moriyar maƙwabciyarta ba tare da ta cuce ta ba, ya ba ta wannan suna. Duk wanda ya ga balbela tana bin garken shanu tana tsintar fara da ƙwarin da kofatonsu ke tayarwa, ya ga abin da ake nufi: ita ta ƙoshi, saniya ba ta yi asarar komai ba. Yau likitoci ma suna amfani da kalmar, a kan ƙwayoyin bakteriya da ke zaune lafiya a hanjin ɗan Adam da fatarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kusancinta da parasite, sunan halitta mai cutar da mai masaukinta. Ita ma daga wurin cin abinci ta fito: a Girkanci, para gefe ne, sitos hatsi ko abinci. Girkawa sun riƙa kiran ɗan cima-zaune da ita, mai yi wa attajiri daɗin baki don a ajiye masa kwano.