Sankara

sànkarā sn., mc., jam. babu.

1. Tsutsar da ke ɓata goro.

2. Ciwon daji.

~r huhu: (a) mai ƙananan ƙwayoyi, (b) wadda ba ita ba, kusan kashi 85 cikin 100. Rassan (b): adenokasinoma, a gefen huhu, har ga wanda bai taɓa busa taba ba; sukwamas, a bututun iska, galibi ga mashaya taba; da mai manyan ƙwayoyi. Ganowa: hoton ƙirji, CT, gutsurar tsoka a auna. Mataki: 1–4. Magani: tiyata, gashi, allurar daji. Mis.: Maganin tarin fuka bai kama shi ba, aka tura shi daga Haɗejiya zuwa Asibitin Malam, Kano; gashin ~ a Shika, Zariya.

Dub. daji, ƙari.