Inda Mawaƙi Ke Tsayawa: Ƙofar Fadar Gombe da Gidajen Opera

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, kuma Turawa sun gina masa gidajen da suka fi fadojin wasu sarakunansu ƙawa. Wanda ya ga hotunansu yakan tambaya me ya hana Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha tun 1996, samun irin wannan gini. A cikin tambayar akwai zaton cewa mu ba mu taɓa yi wa waƙa muhalli ba, kuma zaton kuskure ne. Kowace al'umma tana gina wa waƙa wuri ne daidai da wanda ke biyan mawaƙi.

A 1637 aka buɗe San Kasiyano a birnin Benis, gidan opera na farko da kowane mai kuɗin tikiti zai iya shiga. Daga nan aka samo fasalin da ya bazu ko'ina: ƙananan ɗakuna hawa bisa hawa, sun zagaye zauren, kowane dangin attajirai da nasa. La Sikala ta Milan, wadda aka buɗe a 1778, da kuɗin masu waɗannan ɗakuna aka gina ta, shi ya sa aka tsara ta yadda za su riƙa ganin juna kamar yadda suke ganin wasan. Sai a 1876 Wagna, mai tsara opera, ya gina nasa gidan a Bairoit ta Jamus, ya ɓoye makaɗa a rami, ya juya kowace kujera ta fuskanci mai waƙa. Inda kuwa aka ɗauko ginin daga nesa don nuna isa, ya wahala. Sarki Isma'il na Masar ya gina na Alƙahira a 1869 don bikin buɗe mashigin Suwez, gobara ta cinye shi a 1971. Na Manaus a dajin Amazon an buɗe shi a 1896 da kuɗin roba, da kasuwar roba ta faɗi sai ya shafe shekaru da dama ba a jin opera a cikinsa.

A ƙasar Hausa da masarautun da suka karɓi tutar Shehu Usmanu, irin su Gombe ta Buba Yero, babban ubangidan mawaƙi sarki ne, don haka babu dalilin ware wa waƙa gida nesa da fada. Da fadar Gombe ta tashi daga Gombe Abba, ta zauna Nafada, sannan ta sauka a Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919, tsarin da aka sani aka bi: fada, masallacin Juma'a a kusa, da fili mai faɗi a gaba. Wannan fili shi ne zauren kallonmu, kuma kayan kiɗan ma da shi aka daidaita su. Kakaki da tambari da algaita ba na ɗaki ba ne. Amonsu sai da sarari, ya doki bangon fada ya dawo kan jama'a. Ranar hawan Sallah kowa ya san matsayinsa ba tare da lambar kujera ba: inda hakimai ke jan linzami, inda maroƙa ke tsayawa, inda yara ke ɗarewa kan katanga. A cikin fada kuma akwai soro, wanda shi ne gwanintar maginanmu. Azarar giginya ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai magini ya riƙa ɗaure ta gajere bisa gajere a cikin ƙasa, tana lanƙwasowa daga bango biyu har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya kai wannan fasaha ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Bangon tubali mai kauri ba ya mayar da murya da ƙara irin ta siminti, shi ya sa taushi da kotso suke jin daɗin soro.

Tikiti ya zo mana ne tare da sinima, kuma bai zo da sa'a ba. A 1937 aka buɗe Rex a Kano, a wajen ganuwa. A 1951 gobarar sinimar El Duniya ta kashe fiye da mutum 300, mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin hukuncin Allah. Tun daga nan gidan kallo na kuɗi ya samu baƙin suna, kuma duk wanda zai kawo maganar gina wa waƙa gida a Gombe sai ya amsa wannan tukuna. Masu ƙyamar suna da hujja, don duhu da cakuɗuwar maza da mata da dare abin damuwa ne ga iyaye. Amma dattijon da ba zai taka ƙofar sinima ba, shi ne ke kai jikokinsa ƙofar fada da rana tsaka. Abin da yake gudu wuri ne da ba a ganin kowa, kuma wannan matsala ce da magini zai iya warwarewa.

Misalai biyu na shekarun 1970 sun nuna hanyoyin da ke gabanmu. Gidan wasan ƙasa na Iganmu a Legas, wanda aka gina don bikin al'adu na FESTAC na 1977, an kwaikwayo shi daga wani gini na birnin Barna a Bulgeriya, kuma babban zaurensa mai cin mutum 5,000 ya taɓa shafe shekaru da dama a rufe saboda nauyin kula da shi. A Samaru kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina nata da ƙasa da jinka. Steven Ehrlich ne ya zana shi da siffar gidan Bahaushe: ɗakuna masu zagaye, katanga ta haɗa su, tsakar gida a buɗe, 'yan kallo kewaye da 'yan wasa. Ɗalibai sun yi ta wasa a cikinsa tsara bayan tsara.

Za a ce Gombe gari ne na rairayi da zaizayar ƙasa, ga simintin Ashaka a kusa, me za a yi da ginin da sai an yi masa yaɓe kafin kowace damina? Gaskiya ne, kuma babu laifi a zuba harsashin dutse da siminti, a kafa indararo masu kyau. Fasalin shi ne abin riƙewa: fili mai haske, wurin mata da ƙofarsu, rumfa mai tare rana, girman da unguwa kamar Jekadafari ko Pantami za ta iya cikawa ta kuma iya gyarawa. Kuɗin yaɓe kuma aljihun maginan gari yake shiga, saɓanin na'urar sanyaya ɗaki da ke jiran wuta da kayan gyara daga waje. Wasu kuma za su ce waya ta riga ta raba mutane da taro. Su leƙa gidan kallon ƙwallo a Bolari ko Tudun Wada daren babban wasa, su ga matasa a matse kan benci ƙarƙashin kwano, sun biya kuɗi don su kalli abin da da yawansu za su iya gani a wayarsu.