Mene Ne “Shi Kaɗai”? Tarihin Wata Gardama a Tseren Keken Duwatsu

A shekarar 1992 wani Ba'amurke mai suna Laird Knight ya ƙirƙiro wata gasa a kwarin Canaan da ke jihar West Virginia. Tsarinta shi ne a kwana a yini, awa 24 cur, ana zagaya hanya ɗaya cikin daji a kan keken hawan duwatsu, wanda ya fi yawan zagaye shi ne gwani. Gasa ce ta ƙungiya: mutum huɗu ko biyar suna karɓa-karɓa, ɗaya yana kan keke, sauran suna cin abinci ko suna barci. An ɗauka cewa wannan jinka ba ta hannu ɗaya ba ce, don haka dokar gasar ba ta tanadi gurbin mutum guda ba.

A 1996 John Stamstad ya zagaye dokar. Ya biya kuɗin ƙungiya ta mutum huɗu, ya cike guraben da sunansa a rubuce iri huɗu, ya hau keke shi kaɗai, ya kuma gama a gaban fiye da rabin ƙungiyoyin da suka shiga. Daga nan masu shirya irin wannan gasa suka fara buɗe rukunin ɗaiɗaiku, har aka soma gasar duniya ta rukunin a Kanada a 1999. Chris Eatough ya lashe ta sau shida a jere, daga 2000 zuwa 2005. A 2006 Craig Gordon na Ostireliya ya ƙwace ta, amma daga filin gasa asibiti aka wuce da shi, inda sai da aka yi masa wankin ƙoda saboda yadda tsokokinsa suka lalace.

Sai dai kaɗaicin wannan rukuni na kan sirdi ne kawai. A ƙarshen kowane zagaye akwai rumfa, akwai makaniki da zai miƙo wani keken, akwai mai dafa abinci da mai sauya batirin fitila. Stamstad ne kuma ya sake matsar da iyakar. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar Adventure Cycling Association ta fitar da taswirar wata doguwar hanya mai bin tsaunukan Rocky, daga iyakar Kanada a jihar Montana zuwa Antelope Wells a iyakar Meziko, kusan kilomita 4,000, yawancinta burji da turɓaya. Don masu yawon buɗe ido aka tsara ta, waɗanda za su yi wata biyu ko fiye suna tafe a hankali. A 1999 Stamstad ya bi ta ba mota a bayansa, ba mai jiransa a gaba, ya gama cikin kwana 18 da awa 5.

Shekara biyar babu wanda ya karya wannan lokaci. A 2004 Mike Curiak ya kira gasa a kan hanyar, mai suna Great Divide Race, 'yan tsiraru suka amsa, ya kuma lashe ta cikin kwana 16 da minti 57. A 2008 aka fara Tour Divide, wadda ke tashi daga garin Banff na Kanada, tsawonta kimanin kilomita 4,400, kuma ita ce ta rayu har yau. Ana tashi a Juma'a ta biyu ta watan Yuni. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a ba da kyauta, kuma agogo ba ya tsayawa don wani ya yi barci.

Dokokin wannan gasa su ne abin lura, domin a cikinsu aka yi ƙoƙarin fayyace ma'anar kaɗaici dalla-dalla. Ɗan tsere yana iya sayen abinci a shago, ya kwana a masauki, ya kai kekensa wajen mai gyara, muddin duk wanda ya zo bayansa zai iya samun wannan hidima da kuɗinsa. Abin da aka hana shi ne taimakon da aka tanada domin shi kaɗai: ɗan'uwa ya tare shi a hanya, ko a ɓoye masa ruwa a wani wuri, ko ya laɓe a bayan abokin tsere don iska ta rage masa wahala. Idan keke ya karye yana iya shiga mota ya nemo gyara, amma dole ya komo daidai inda ya tsaya. Babu alƙalin wasa a dajin Montana ko a hamadar Wyoming, inda akan yi sama da kilomita 100 ba gari ba shago. Amana ce kawai ke riƙe da gasar, kuma a nan ƙarfinta da rauninta suka haɗu.

A ƙarƙashin waɗannan sharuɗɗa Mike Hall, ɗan Birtaniya, ya gama a 2016 cikin kwana 13 da awa 22 da minti 51, wato fiye da kilomita 300 a kowace rana. Shekara guda bai cika ba mota ta buge shi ya rasu kusa da Canberra, ranar 31 ga Maris 2017, yana tsakiyar wata gasar ƙetare Ostireliya.

Kafin lokacin Hall ma fasaha ta riga ta fara ɓula katangar. 'Yan tseren farko sai sun sami wayar kan titi suke barin saƙon murya don a san suna raye. Yanzu kowa yana ɗauke da na'urar da ke aika matsayinsa ta tauraron ɗan'adam, dubban mutane suna kallon ɗigonsa yana rarrafe a kan taswira ta intanet, shi ma yana iya duba wayarsa ya san ko abokin hamayyarsa ya kwanta. Mutumin da ya san tazarar da ke tsakaninsa da na bayansa ba ya cikin duhun da Stamstad ya yi tafiya a ciki.

Gardamar ta fito fili a 2019, lokacin da masu ɗaukar fim suka bi Lael Wilcox, wadda tun 2015 ta kafa tarihin mata da kwana 15 da awa 10 da minti 59. Ba wanda ya ce sun ba ta ruwa ko abinci. Ƙorafin shi ne ganin fuskar da ka sani bayan kwanaki cikin daji shi ma guzuri ne, kuma guzuri ne da ba a sayar da shi a shago. Hujjar tana da nauyi, ko da yake magoya bayanta sun yi daidai da suka tambaya me ya sa ba a ta da irin wannan ƙura ba a kan fim ɗin Ride the Divide na 2010, wanda shi ne ya sanar da duniya gasar.

A 2023 Lachlan Morton na Ostireliya ya bi hanyar a wajen lokacin gasa cikin kwana 12 da awa 12 da minti 21, masu kyamara suna biye da shi. Ya fi Hall sauri da fiye da kwana guda, amma ba a rubuta lokacinsa a matsayin tarihin gasar ba. Sai a 2024 Justinas Leveika na ƙasar Lithuania ya karɓe kambin Hall, da kwana 13 da awa 2 da minti 16.