Yadda aka fitar da kasuwa daga birnin Bagadaza

Na ruga, da na kasuwa, da direbobin da ke bakin iyaka suna jiran a duba takardu, sannunku da ƙoƙari. Sunan Bagadaza ba baƙo ba ne gare ku. Daga can aka ce Bayajida ya taso, can kuma kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani yake. Amma garin ba tsirowa ya yi kamar yadda zango ke zama ƙauye, ƙauye ya zama birni ba. Mutum guda ne ya zauna ya tsara shi.

Mutumin shi ne Abu Ja'afar Mansur, halifa na biyu a daular Abbasiyawa. Da farko yana zaune ne kusa da Kufa, amma bai amince da mutanenta ba, har an taɓa kai masa farmaki a ƙofar fadarsa. Sai ya hau ya bi gaɓar kogin Dijla da kansa yana neman wuri. Masu tarihi sun ce ya tara mutanen ƙauyuka yana tambayarsu yaya zafi, yaya sanyi, yaya sauro. Kai da ka taɓa neman inda za ka sauke garke, ka san waɗannan tambayoyin. Inda ya zaɓa, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Bagadaza da ake cin kasuwa tun zamanin Farisawa, ga magudanai da suka haɗa Dijla da Furat. Ke nan kayan Sham za su iso ta ruwa, na Basra ma haka.

A shekara ta 762 aka fara aiki, 145 ke nan bayan hijira. An ce da toka aka fara zana birnin a ƙasa, aka jera angurya da aka jiƙa da mai bisa zanen, aka cinna wuta, don halifa ya ga garinsa tun ba a aza tubali ba. Zagaye aka yi shi kamar faifai, da ganuwa biyu da gwalalo, da ƙofofi huɗu: ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan, ta Sham. Tsakiya kuwa sai fada mai koriyar ƙubba da masallacin Juma'a. Ya sa masa suna Madinatus Salam. Mutane dai suka ci gaba da cewa Bagadaza.

Mansur mutum ne mai tsantseni da kuɗi, har ana masa laƙabi da Abud Dawaniƙ, kamar dai ka ce Baban Anini. Ya so ya rushe tsohuwar fadar Kisra da ke Mada'in don ya samu tubali a ɓagas. Khalid ɗan Barmak ya ba shi shawarar ya bari, ya ƙi. Da aka fara, aka yi lissafi, sai aka ga kuɗin rushewa da dako sun fi na buga sabon tubali. Dole aka tsaya, kuma har gobe bakan ginin nan yana tsaye.

To, ga inda maganar ta shafe ku. Tun farko a cikin ganuwa aka ajiye kasuwa, rumfuna jere a kan hanyoyi huɗun da suka taso daga ƙofofi. Ciniki ya kama. Sai wani jakada ya zo daga Rumawa, aka zaga da shi, Mansur ya tambaye shi yadda ya ga birnin. A ruwayar da ta fi yaɗuwa, jakadan ya yaba ginin, sannan ya ce aibinsa guda: abokan gaban halifa suna kwana tare da shi. Yana nufin kasuwa. Ɗan leƙen asiri zai shigo da sunan fatauci, ya kwana a rumfa, ya ji abin da zai ji, ya wuce.

Wajen shekara ta 774 Mansur ya ba da umarni a kwashe kasuwannin a kai su Karkh, kudu da ganuwa. Kowace sana'a da layinta. An ce mahauta ya sa aka kai can ƙarshe, wai saboda kullum da wuƙa a hannunsu. Har masallacin Juma'a aka gina wa 'yan kasuwa a can, don kada salla ta zame musu dalilin shiga birni.

Ni dai a ganina, jakadan bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Gaskiya ne labari yana bin ayari. To hatsi fa, da nama, da kuɗin shiga? Su ma ayarin suke bi. Mai mulki in tsoro ya kama shi, bafatake yake fara kallo, wannan kuwa ba sai na yi muku bayani ba, ku da kuka ga abin da rufe iyaka ke yi wa farashin buhu da na rago.

Abin da ya biyo baya, Karkh ta cika ta batse, ta zama cibiyar cinikin garin. Birnin zagaye kuwa ya koma unguwar ma'aikata da dogarai. Shi kansa Mansur bai daɗe a ciki ba, ya gina wata fada a bakin kogi mai suna Khuldu, ɗansa Mahdi kuma yana ƙetare a Rusafa. A 775 Mansur ya rasu a hanyar aikin hajji. Yaƙin da jikokin Mahdi, Amin da Ma'amun, suka gwabza a 812 zuwa 813 ya yi wa ganuwar ɓarna mai yawa, koriyar ƙubbar nan kuma ta faɗi a 941 cikin wani dare na ruwa da tsawa.

Yau ko tubali guda na birnin zagayen ba a iya nunawa. Amma in ka je Bagadaza ka tambayi sunan ɓangaren yamma da kogi, Karkh za a ce maka.